Gashin ganyen tumatir: makamin da na daji ya riƙe, na gona ya yi sake da shi

Duk wanda ya taɓa shiga lambun tumatir ya yi tsinka ko ya ɗaure rassa ya san abin da ke biyo baya. Yatsu su yi kore-kore, can su koma baƙi kamar an shafa kwalta, in aka zo wankewa da sabulu kumfar ta fito ruwan ɗorawa. Ga kuma wani ƙamshi mai ƙarfi da ke bin riga har gida. Yawancinmu datti muke ɗaukarsa. Alhali abin da ya manne a hannun nan makamin shukar ne. Dubban 'yan gashi ne da ke jikin ganye da kara suka fashe, suka zubar da abin da ke cikinsu, don a wajen shukar babu bambanci tsakanin yatsan manomi da ƙafar ƙwaro.

Wannan makami a jikin tumatirin gonarmu ya yi rauni ƙwarai. Wanda ke son ya gan shi da cikakken ƙarfinsa sai ya je Amurka ta Kudu, yankin duwatsun Andis da gaɓar tekun Peru, Ekwado da arewacin Chile, inda asalin tumatir yake. A can akwai danginsa na daji, iri goma sha biyu, masu fitowa da kansu a kan tsakuwa, a bakin hanya, a cikin kwari, babu mai ba su ruwa balle ya yi musu feshi. 'Ya'yansu ƙanana ne, da yawansu ko sun nuna kore suke zama, wasu ma ba su ciwuwa. Amma ƙwarin da ke cinye gona guda cikin mako biyu sukan sauka a kan wasu daga cikin waɗannan na dajin su tashi ba su yi komai ba, ko kuma su mutu a nan.

Me ya sa maganar ta shafe mu? Saboda babban abokin gabar tumatir a yankinmu shi ma daga can ya fito. Tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa suna sharon, an fara bayyana ta ne a 1917 daga samfurin da aka samo a Peru. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta tsallako arewacin Afirka, ta gangaro. A watan Mayun 2016 sai da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya don babu abin niƙawa, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Mu nan Ghana da muke dogaro da Akumadan da yankin Navrongo, da rani kuma mu zuba ido ga motocin da ke ɗauko kaya daga Burkina Faso, duk abin da ya taɓa gonar tumatir a ko'ina cikin wannan yanki, tukunyar miya a Nima da Aboabo za ta ji a jikinta.

Gashi iri-iri ne

A 1943 wani masanin tsirrai a Birtaniya, L. C. Luckwill, ya zauna da madubin ƙara girman abu ya rarraba gashin jikin tumatir da danginsa gida bakwai. Daga baya wasu suka ƙara na takwas. Har yau da lambobinsa ake kiran su: gashi na 1, na 2, har zuwa na 8. Kada lambobin su ruɗa mai karatu, rabon da ya fi muhimmanci gida biyu ne kawai. Akwai gashi tsura, mai tsini, irin wanda ke sa hannu ƙaiƙayi in ana tsinkar kuɓewa. Akwai kuma gashi mai kai, wato wanda a samansa akwai ɗan ƙululu kamar kan ashana, a cikin ƙululun nan kuma shukar ke haɗa sinadarai tana ajiyewa.

Abin mamaki, gashi tsura ba kullum yake taimakon shuka ba. Yana iya hana tsutsa tafiya da sauri, yana iya soke ta. Amma ga farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ke tashi kamar gari in an girgiza shuka, ganye mai yawan gashi tsura wurin hutawa ne. An lura da haka a auduga da waken suya, an kuma lura da shi a tumatir: yakan fi son zuba ƙwai a inda gashin ya yi masa rumfa. To kun ga wanda ya ce "a samo mana tumatir mai gashi" bai faɗi komai ba tukuna. Sai an tambaya: wane gashi, kuma me ke cikin kansa?

Biyu ne suka ɗauki hankalin masu bincike, na 4 da na 6.

Gashi na 4 tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Aikinsa tsatso wani ruwa mai yauƙi, haɗin sukari da maiƙo, wanda ke taruwa a bakinsa kamar raɓa. Wanda ya fi kowa wannan shi ne Solanum pennellii, ɗan busassun gangaren Peru. Taɓa ganyensa kamar taɓa takardar da aka shafa wa zuma ne, kuma an auna cewa wannan danƙo kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin busasshen ganyen. A yi tunanin shukar da ke zaune inda ruwan sama bai cika sauka ba, amma ta ɗauki wannan kaso mai yawa na abin da ta samu ta zuba a tsaro. Darɓa ko farin ƙuda in ya sauka, ƙafafu su kama, fikafikai su manne, labarin Gizo da 'yar danƙo ke nan. Waɗanda ba su maƙale ba kuma ba sa jin daɗin wurin. Sukan yi ta yawo a kan ganyen ba su kafa baki sun tsotsa ba, ƙwan da suke zubawa ya ragu sosai.

Wannan batu na rashin kafa baki ya fi kashe ƙwaron muhimmanci. Ɓarnar farin ƙuda ba a ruwan da yake tsotsa take ba, a cutar da yake ɗaukowa daga wannan shuka ya kai wa waccan take, cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya. Manoman rani sun san ta sarai. Masu bincike a Malaga ta Sifaniya sun ɗauko gashi na 4 daga wani dangin daji mai 'ya'ya ja ƙanana, Solanum pimpinellifolium, suka shigar da shi cikin tumatirin gona, suka kuma nuna a 2011 cewa yaɗuwar cutar ta ragu, don ƙudan bai samun natsuwar da zai kai bakinsa cikin jijiyar ganye.

Gashi na 6 dabararsa daban ce. Gajere ne, kansa ƙwayoyi huɗu ne a haɗe, kuma wuyansa a shirye yake ya karye da an ɗan taɓa shi. Tumatirin gonarmu yana da shi, shi ne ma ke ba da ƙamshin nan da baƙin hannu. Bambancin shi ne a Solanum habrochaites, wani na daji mai gashi buzu-buzu da ke tsaunukan Ekwado da Peru, kan gashin ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, da babban rami a tsakiya cike da mai. A namu ramin ɗan ƙarami ne. Kamar a kwatanta randa da kofin shayi.

Me ke cikin randar? Ya danganta da inda aka samo shukar. A 1980 masu bincike a jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ciki har da George Kennedy, suka fitar da wani sinadari daga wani reshe na wannan dangi, sunansa tiraidekanon. Suka ga yana kashe tsutsotsi da darɓa kamar maganin kanti, suka kuma ga yawansa a na dajin ya ninka na tumatirin gona sau 72. Wasu rassan kuma wani mai suke yi, ɗan'uwan man da ke ba citta ƙamshinta. Shi wannan kora ya fi yi. Masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan sun gano ƙwayoyin gadon da ke haɗa shi, a 2012 suka nuna cewa in an sa tumatirin gona ya riƙa yin sa, farin ƙuda da jan gizo-gizon nan mai tsotse ganye suna shan wahala a kansa.

Akwai wata dabara ta uku a cikin kan gashin nan da ta fi burge ni, domin kowa ya taɓa ganin irinta. In ka ɓare farin goro ka ajiye, ba ya jimawa sai wurin ya yi ja ya koma ƙasa-ƙasa. Abubuwa biyu ne da ke rabe a cikin goron suka haɗu da iska. Kan gashi na 6 ma haka yake ajiye su a rabe. Ƙwaro na fasa shi sai su gauraya, ruwan ya yi duhu ya daskare a ƙafafu da bakin ƙwaron kamar an sa masa siminti. A wani dankalin daji na Bolibiya an ga darɓa da ƙafafu sun yi dunƙule da wannan abu har ta kasa motsi.

Sannan gashin ɗan leƙen asiri ne. Wani bincike a jami'ar jihar Pensilbaniya a 2009 ya nuna cewa tafiyar ƙwaro kaɗai a kan ganye, tun bai ciza ba, in ta fasa kawunan gashi, shukar kan fara tayar da sauran matakan tsaronta na cikin jiki. Uwa ta sauka don ta zuba ƙwai, kafin 'ya'yanta su ƙyanƙyashe gidan ya riga ya farga.

Yadda aka yi sake

Mutanen da suka mayar da tumatir amfanin gona, aikin da ya kammala a Meziko tun kafin Turawan Sifaniya su ɗauke shi zuwa Turai a ƙarni na 16, 'ya'ya suke dubawa. Wanda ya fi girma, ya fi ja, ya fi daɗi, shi za a ajiye irinsa. Babu wanda ya tsaya duba ganye, kuma ba laifinsu ba ne, da wane ido za su ga abin da bai kai rabin milimita ba? A kowane zango, daga Andis zuwa Meziko, daga Meziko zuwa Turai, daga Turai zuwa sauran duniya, iri kaɗan ne ya yi tafiyar. Shi ya sa masana ke ƙiyasin cewa duk tumatirin gona na duniya bai riƙe ko kashi 5 cikin 100 na bambancin gadon da ke cikin danginsa na daji ba.

Amma gashi na 4 bai ɓace gaba ɗaya ba. Masu bincike a Barazil sun nuna a 2017 cewa tumatirin gona yana fitar da shi a ganyayen farko, lokacin yana ɗan tsiro, sai ya daina da ya fara girma. Na daji kuwa ya ci gaba da yi har tsufa. Wato umarnin yin gashin yana nan a cikin irin da ke hannunmu, an dai rufe shi da wuri.

Cewa muna da inda za mu koma mu ɗebo abin da aka bari, wannan aikin wasu mutane ne da suka yi ta hawa duwatsu suna tara iri. Fitaccensu Charles Rick na jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya rasu a 2002, ya shafe shekaru yana zagaya Andis da tsibiran Galafagos. Rumbun irin da ya kafa yana nan da sunansa, masu bincike daga ko'ina suna aikawa a ba su. Shi ne ma ya lura cewa irin tumatirin Galafagos ba ya son tsira sai ya bi ta cikin manyan kunkurayen tsibirin ya fito. Wasu wuraren da aka ɗebo irin nan a da, yau gonaki ne ko gidaje.

Kuma ɗebo gado daga na daji ba sabon abu ba ne. Juriyar tsutsar saiwa da ke cikin iri da dama da ake sayarwa a gwangwani ko 'yar leda, daga wani dangin Peru aka samo ta tun shekarun 1940. Juriyar cutar nannaɗe ganye ma daga na daji take. Manomin da ya sayi ingantaccen iri a Techiman ko Bolgatanga ya daɗe yana shuka jinin Andis bai sani ba.

To me ya hana a yi haka da gashin?

An gwada, ana kuma kan gwadawa. Matsalar ita ce waɗancan juriyoyin yawanci ƙwayar gado guda ce ke riƙe da kowannensu, ɗauko ta ba wuya. Gashi kuwa gida ne mai ma'aikata da yawa. Wasu ƙwayoyin gado ne ke cewa a yi gashin, wasu ke cewa nawa za a yi, wasu ke haɗa sinadarin, wasu ke ƙayyade yawansa da irinsa. In ka aurar da na daji da na gona, 'ya'yan sukan zo da tsaron, su kuma zo da duk halin daji: 'ya'ya ƙanana, kore, jinkirin nuna, rashin ɗaukar fure. Ka sake aurar da su da na gona don ka wanke wannan, sai tsaron ya bi ruwa. Haka ake ta jeka-ka-dawo, zuriya bayan zuriya.

Martha Mutschler ta jami'ar Cornell a Amurka ta shafe fiye da shekara talatin a kan wannan aiki guda. Layin da ta fitar daga Solanum pennellii, wanda ya yi 'ya'ya irin na gona, yana ɗauke da guntaye biyar na gadon daji, kuma danƙon da yake yi kusan kashi 15 ne cikin 100 na abin da kakansa ke yi. Ko a haka ya rage ƙwari. A Barazil, inda Tuta ta daɗe tana ɓarna kafin ta san hanyar Afirka, Wilson Maluf da ɗalibansa a jami'ar Lavras sun fitar da layuka masu danƙo da masu man citta, suka ga uwar tsutsar tana rage zuba ƙwai a kansu. Wannan yana da muhimmanci, don ita Tuta da zarar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganye ta shige tsakiyarsa, inda feshi ba ya isa sosai. Uwa guda na iya zuba ƙwai sama da 200, kuma a wuri mai zafi sukan yi zuriya goma ko fiye a shekara. Wurin da za a tare ta shi ne bakin ƙofa, a saman ganye, daidai inda gashin yake.

Yanzu ido ya fi karkata ga Solanum galapagense na tsibiran Galafagos, domin shi ɗan'uwa ne na kusa, aurensa da na gona ba ya ba da wahala. Masu bincike a Wageningen ta Holan sun gano wani yanki guda na gadonsa da ke ɗauke da babban kaso na juriyar farin ƙuda. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, mai hedikwata a Taiwan da ofisoshi a Bamako da Kwatano, ita ma ta yi aiki a kansa. Sai dai wani gwaji a Barazil ya sanyaya gwiwar masu gaggawa: sun yi nasarar sa tumatirin gona ya cika da gashi na 4 daga wannan dangi, amma farin ƙuda ya ci gaba da harkarsa, saboda gashin bai tsatso danƙon da ya isa ba. Kube ne babu wuƙa a ciki.

Shi ya sa nake ganin duk mai sayar da iri da ya ce maka nasa "ba ya jin ƙwari", ka tambaye shi wane ƙwaro, kuma a ina aka gwada. Juriyar cuta kaza da aka rubuta a jikin leda gaskiya ce sau da yawa. Tumatirin da ba ya buƙatar kulawa da ƙwari sam, wannan bai shigo kasuwa ba.

Makamin kuma bai san aboki ba. A gona akwai ƙwarin da ke taimakon manomi, masu cin ƙwan tsutsa da masu farautar jan gizo-gizo. Su ma maƙalewa suke yi, su ma guba na kama su. Kennedy ya nuna cewa 'yan mitsitsin zanzaron da ke lalata ƙwan tsutsa suna mutuwa a kan ganye mai tiraidekanon, ya kuma ga wani abin da ya fi wannan tayar da hankali: tsutsar da ta sha sinadarin ba ta mutu ba, jikinta kan ƙara jure wani maganin feshi. Akwai kuma wani ƙwaro da ido ba ya gani, mai sa karan tumatir ya yi launin tsatsa, wanda ƙanƙantarsa ta sa yake yawo a ƙarƙashin gashin kamar mai tafiya a inuwar kuka, maƙiyansa da suka fi shi girma kuwa gashin ya tare su a waje. A wata tabar daji ta Amurka ma an ga tsutsa na lashe danƙon kamar alewa, ko da yake ba ta ci bulus ba, warin da jikinta ke yi bayan nan shi ke kiran tururuwa su ɗauke ta.

Wani abin da manomi zai iya riƙewa tun yau ya fito daga wannan bincike na Karolina ta Arewa. Da suka ƙara wa na dajin taki da yawa, gashi na 6 ya ragu, gubar ta ragu, tsutsa ta fi samun sauƙi. Hasken rana da tsawon yini su ma suna canja yawan abin da gashin ke yi. Ma'ana layin da ya yi kyau a Holan ko New York sai an shuka shi a Tono ko Akumadan, a zafinmu da ƙurar hunturunmu, kafin a ce ya yi. Muna da masu wannan aiki a cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua kusa da Kumasi da kuma jami'ar Legon, kuma irin wannan gwaji yana cin shekaru da kuɗi.

Ga 'yan'uwana malamai masu koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwa, wannan darasi ne da ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Gilashin ƙara girma na hannu ya isa, ko kyamarar waya in an matso da ita sosai. A sa yara su shuka iri a gwangwanin madara, su duba karan tsiron a hasken safe, za su ga dogayen gashi da 'yan ɗigo masu ƙyalli a bakinsu. Su kwatanta ganyen farko da na sama bayan mako huɗu. Sannan a ba su ganyen kuɓewa da na kabewa da na gauta, su faɗi wanne ne mai tsini kawai, wanne ne mai kai.